Ba Hamada Ce Ta Kashe Arizona Coyotes Ba

Ranar 18 ga Afrilu, 2024, masu ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, suka amince a kwashe 'yan wasan Arizona Coyotes da kocinsu da manajansu a mayar da su birnin Salt Lake City na jihar Utah. Shekara 28 ke nan da kawo ƙungiyar daga Winnipeg ta Kanada zuwa Phoenix, babban birnin jihar Arizona. Tun daga ranar, bayanin da ya fi yawo a bakin mutane guda ne: wa ya aike su kai wasan ƙanƙara tsakiyar hamada, inda rana ke ƙona tafin ƙafa? Wai mutanen wajen ba su san wasan ba, ba su damu da shi ba, don haka dama can mutuwa za ta yi.

Ban yarda da wannan bayani ba, kuma ina ganin zalunci ne a kan 'yan kallon da aka yi shekaru ana wasa da hankalinsu. Las Vegas ma hamada ce. Ƙungiyarta ta shiga gasar a 2017, ta kai wasan ƙarshe a kakarta ta farko, ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a 2023, filinta kuma cike yake kullum. Tampa da ke Florida ba ta san sanyi ba, amma ta ci kofi a 2020 da 2021. Auston Matthews, wanda ya zura ƙwallo 69 a kakar 2023-24, a Scottsdale da ke gefen Phoenix ya tashi, kallon wasan Coyotes ne ya ja shi cikin harkar tun yana yaro. Ƙasar da ta fitar da irin wannan ɗan wasa ba za a ce hoki ba ya tsira a cikinta ba. Abin da ya ci Coyotes shi ne masu ita da ba su da ƙarfin riƙe ta, da manajojin da suka mayar da jerin 'yan wasanta wurin ajiye takardu, da hukumar gasar da ta ga komai ta kawar da kai.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa sai ya fara fahimtar wani bambanci kafin ya gane yadda aka yi haka ta yiwu. A NHL ba a faɗuwa daga rukuni. Ƙungiyoyi 32 ne, kowacce ta buga wasa sama da 80, goma sha shida su wuce zagayen neman kofi, sauran su koma gida su jira baɗi. Wadda ta zo ta kashin baya ba abin da ke samunta, har ma lada ake ba ta, domin a rabon matasan 'yan wasa da ake yi duk shekara, mai zagaye bakwai, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke kan gaba wajen zaɓa. Sannan tun 2005 akwai iyakar albashi: akwai adadin da ƙungiya ba za ta wuce ba, akwai kuma adadin da ba za ta gaza ba. A kakar 2022-23, sama dala miliyan 82.5 ce, ƙasa kuma miliyan 61. An kafa iyakar ƙasa ne don kada wani mai ƙungiya ya tara yara masu araha ya riƙa karɓar kuɗin talabijin yana barci. Dabarar da Arizona ta ƙware a kai ita ce cika wannan adadi a takarda ba tare da ta biya shi a aljihu ba.

A duba abin da ya faru a Yunin 2015. Coyotes ta karɓi kwantiragin Chris Pronger daga Philadelphia. Pronger gwarzon ɗan baya ne a zamaninsa, amma rabonsa da taka ƙanƙara tun Nuwamban 2011, bayan sanda ta same shi a ido kuma ya samu bugu a kai. A lokacin ma aiki yake yi a ofishin NHL, a sashen da ke hukunta masu mugun wasa. Kwana biyu da cinikin aka sanar an zaɓe shi cikin zauren karrama tsofaffin gwaraza, wurin da ba a shiga sai an daina wasa. Amma a littafin gasar, ɗan wasan Arizona ne, kuma ana lissafa masa kusan dala miliyan 5 a shekara, alhali ainihin abin da ya rage a biya shi dala 575,000 ne kacal a shekara. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce abin da ƙungiyar ta saya.

Da abin ya tsaya a kan Pronger, da sai a ce dabara ce ta rana ɗaya. Bai tsaya ba. A 2016 aka ɗauko kwantiragin Pavel Datsyuk daga Detroit, dala miliyan 7.5 a lissafi, mutumin kuma ya riga ya tattara ya koma Rasha. A shekarar aka ƙara da Dave Bolland. A 2018 Marian Hossa, wanda ciwon fata ya raba shi da wasa. A 2022 Bryan Little. A 2023 Shea Weber da Jakub Voracek. Babu ko ɗaya cikinsu da ya saka rigar ƙungiyar ya buga minti guda. Mu da muka san ma'aikatan bogi a takardar albashi ba ma buƙatar dogon sharhi, sai dai a nan dokar gasar ba ta hana ba, kuma hukumar da kanta take buga hatimi a kan kowane ciniki.

Masu kare wannan hanya suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa ƙungiyar da ba ta da kuɗi dole ta sayar da abin da take da shi, abin da Arizona ke da shi kuwa shi ne fili a ƙarƙashin iyakar albashi. Manyan ƙungiyoyi da kaya ya yi musu yawa sukan ba da tukwici don a rage musu. Cinikin Datsyuk ya ɗaga Arizona daga lamba ta 20 zuwa ta 16 a rabon matasa, ta ɗauki Jakob Chychrun. Bolland ya zo tare da Lawson Crouse, wanda ya daɗe yana yi wa ƙungiyar aiki. Duk gaskiya ne. Amma ana tara matasa ne don wata rana a kewaye su da ƙwararru a fita neman kofi. A Arizona wannan rana ba ta taɓa zuwa ba. Chychrun ya girma, ya gaji da jira, ya nemi a sake shi, aka sayar da shi ga Ottawa a Maris na 2023 a kan wasu sabbin kuri'un zaɓen matasa. Aka koma gidan jiya. Kowane manaja ya zo da kalmar da suke so, wai ana sake gini, a ƙara haƙuri. Shekara goma sha biyu ana wannan gini, daga 2012 zuwa 2024, sau ɗaya tak aka leƙa zagayen neman kofi, shi ma a 2020 da annobar korona ta sa aka faɗaɗa shi zuwa ƙungiyoyi 24. Suka fitar da Nashville, suka haɗu da Colorado, aka yi musu ci 7 da 1 sau biyu a jere aka sallamo su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne an taɓa ganin yadda abin yake idan hannu na gari ya riƙe. A Mayun 2009 mai ƙungiyar na lokacin, Jerry Moyes, ya kai ta kotu ya ce ta karye, yana so ya sayar wa attajirin BlackBerry, Jim Balsillie, wanda ke shirin kai ta Hamilton ta Kanada. NHL ta ƙi, ta saye ta da kanta a kan dala miliyan 140, ta riƙe ta har 2013. Wayne Gretzky, wanda babu kamarsa a tarihin wasan, ya yi kaka huɗu yana horar da su bai kai su ko'ina ba, ya ajiye aiki ana cikin rikicin. Aka kawo Dave Tippett. Shi da manaja Don Maloney, ba mai gida, ba kuɗin kirki, suka haɗa ƙungiyar da ta samu maki 107 a kakarsu ta farko. A 2012 ta zo ta ɗaya a rukuninta, ta doke Chicago, ta doke Nashville, sai a wasan kusa da na ƙarshe Los Angeles ta tsayar da ita. A waɗancan makonni filin wasansu da ke Glendale, wani birni kusa da Phoenix, cika yake yi, kowa sanye da fararen kaya. Mutanen da ake cewa ba su damu da hoki ba, su ne suka cika shi.

Daga nan sai masu ƙungiya suka riƙa shigowa suna fita. Gungun IceArizona a 2013, Andrew Barroway bayansu, Alex Meruelo a 2019. A Mayun 2016 aka naɗa John Chayka babban manaja yana ɗan shekara 26, mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar, saboda ya yi suna a nazarin alƙaluman wasa da kwamfuta. Ƙuruciyarsa ba laifi ba ce, nazarin alƙaluma ma ba laifi ba ne. Laifin shi ne babu wani babba a samansa da zai ce masa tsaya. Cikin mako guda a Yunin 2017 aka sayar da mai tsaron raga Mike Smith, aka rabu da Tippett, aka ba da zaɓe na 7 a rabon matasa ga New York Rangers don a karɓo Derek Stepan da Antti Raanta, aka kuma gaya wa Shane Doan ba a bukatarsa.

Sai an san Doan za a san nauyin wannan. Tun ƙungiyar tana Winnipeg yake cikinta, da shi aka yi ƙaura a 1996. Kaka 21, wasa 1,540, kyaftin tun 2003. A shekarun da ba a san ko gobe ƙungiyar za ta kwana a garin ba, manyan ƙungiyoyi sun neme shi da kuɗi, ya ƙi tafiya. Shekarunsa sun ja, ƙarfinsa ya ragu, babu mai musun haka. Amma ƙungiyar da ke cike da yara 'yan shekara 19 da 20 ta fi kowa bukatar dattijo irinsa a ɗakin sauya kaya, ko da minti goma zai riƙa bugawa. Aka sallame shi a wani ɗan gajeren zama. Kakar da ta biyo baya, wasa goma sha ɗaya na farko ba su ci ko ɗaya ba.

Zaɓen matasan ma da aka ce shi ne dalilin duk wannan wahala, ba a iya shi yadda ake kurari ba. A 2015 sun ɗauki Dylan Strome a lamba ta 3, Toronto ta ɗauki Mitch Marner a ta 4. A 2018 sun ɗauki Barrett Hayton a ta 5, Vancouver ta samu Quinn Hughes a ta 7. Kowace ƙungiya takan yi irin wannan kuskure, ba na riƙe su da shi sosai. Abin da nake riƙe su da shi rashin haƙuri ne da yaran da suka ɗauka. Max Domi, suka ba Montreal shi a 2018, ya samu maki 72, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, a kakarsa ta farko a can. Wanda suka karɓa a madadinsa, Alex Galchenyuk, shekara ɗaya ya yi suka sake musanya shi. Sai kuma Disambar 2019, da ƙungiyar ta ɗan fara motsi, aka kwashi zaɓen zagayen farko da matasa uku aka ba New Jersey don a karɓo Taylor Hall, mutumin da kwantiraginsa saura wata shida, kuma babu tabbacin zai zauna. Bai zauna ba. Ƙungiyar da ta shafe shekaru tana cewa gobe take ginawa, ita ce ta sayar da goben a kan rabin kaka.

Shekarar 2020 ita ce ta tona komai. Ana saura kwanaki a shiga zagayen neman kofi Chayka ya ajiye aiki, ƙungiyar ta fitar da sanarwa tana zarginsa da gudu ya bar su, daga baya kwamishinan gasar, Gary Bettman, ya dakatar da shi har ƙarshen 2021. A Agusta NHL ta ƙwace musu zaɓen zagaye na biyu na 2020 da na zagayen farko na 2021, saboda an kama su suna gwada ƙarfin jikin matasa ta hanyar da doka ta hana. Don haka da ranar rabo ta zo, sai a zagaye na huɗu suka fara zaɓa. Suka ɗauki Mitchell Miller, yaron da kotun yara ta taɓa samu da laifin cin zarafin wani ɗan ajinsu baƙar fata mai larurar ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar ta san da maganar kafin ta ɗauke shi. Sai da jarida ta buga, jama'a suka yi ca, sannan ta ce ta janye. Wannan ba matsalar kuɗi ba ce, ba matsalar hamada ba ce. Gida ne da babu mai tsawatarwa a cikinsa.

Maganar filin wasa kuwa, nan ne na fi ganin rashin ta-ido. Tun asali kuskure ne aka gina filin a Glendale a 2003, yamma da Phoenix, alhali galibin masu sayen tikiti suna gabas, wajen Scottsdale da Tempe da Mesa. Wasan gida 41 ne a kaka, da yawansu cikin mako, mutum ya tashi aiki ya ratsa cunkoson gari kafin ya isa. Duk da haka birnin Glendale ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Da kuɗin jama'a aka gina filin, kuma lokacin da NHL ke riƙe da ƙungiyar, birnin ya ɗauki nauyin dala miliyan 25 a shekara, shekara biyu, don toshe asara. Sakayyar da ya samu ita ce bin bashi. A Disambar 2021 birnin ya yi barazanar kulle ƙofa saboda harajin da kuɗaɗen da suka kai dala miliyan 1.3 da ba a biya ba. Ƙungiyar ta biya washegari, ta ce kuskuren ma'aikaci ne. Watanni kafin nan jaridar The Athletic ta riga ta buga dogon bincike a kan 'yan kwangilar da ake riƙe wa haƙƙi da ma'aikatan da ke aiki cikin tsoro. Glendale ta ce ta gaji, a nemi wani waje.

Wajen da aka samu shi ne Mullett Arena, filin ɗaliban Jami'ar Jihar Arizona a Tempe, mai ɗaukar mutum 4,600 a wasan NHL, a gasar da filayenta ke ɗaukar dubu goma sha biyar zuwa sama da dubu ashirin. A wasannin farko na Oktoban 2022 ɗakunan sauya kaya ba su kammala ba. Baƙi, manyan 'yan wasan da ake biya miliyoyi, aka shimfiɗa musu daɓe a kan ƙanƙarar wani ƙaramin fili da ke gefe, aka zagaye da labule, nan suka ɗaura takalmansu. A tsakiyar filin, tambarin jami'ar na nan kusa da na ƙungiyar, don kowa ya san wane ne mai gida. Ka ɗauki kanka ɗan wasa ne da kwantiraginka ya ƙare, ƙungiyoyi uku na nemanka. Me zai kai ka can? Ga alaƙar da ake mantawa da ita tsakanin ofis da fili: wanda ba ya biyan bashi ba zai samu filin wasa ba, wanda ba shi da filin wasa ba zai samu 'yan wasa ba, sai masu neman inda za su fake na shekara guda. Clayton Keller ya samu maki 86 a kakar 2022-23 a cikin wannan hali, kuma duk wanda ya kalle shi ya san shekarun ƙarfinsa ne ake ɓarnatarwa.

A Mayun 2023 mutanen Tempe suka kaɗa ƙuri'a a kan shirin dala biliyan 2.1 na gina sabon fili da unguwar shaƙatawa, suka ƙi. Wasu sun ce ga shi nan, jama'a ba sa so. Ni kuwa ina ganin jama'a sun yi abin da mai hankali zai yi. Maƙwabcinsu Glendale yana nan kusa, sun ga yadda ta ƙare masa. Ba hoki suka ƙi ba, mutumin da ke neman amanarsu suka ƙi.

Babban kason laifin na Bettman ne da masu sauran ƙungiyoyi. Phoenix na cikin manyan kasuwannin talabijin na Amurka, don haka suka nace sai an zauna, kuma nacewar ba aibu ba ce. Aibun shi ne duk wanda ya zo ya ce zai bar ƙungiyar a garin sai a miƙa masa, ba a tsananta binciken aljihunsa da halinsa ba. Sun ga kwantiragin Pronger, sun ga na Datsyuk, sun ga na Weber, ba su gyara dokar ba, domin manyan ƙungiyoyi na amfana da samun wurin zubar da kaya. 'Yan wasa kuma su ne suka yi asara ta fuska biyu: kuɗin da ya kamata a biya masu buga wasa da gaske ya tsaya a takarda, sannan tunda rabin kuɗin shigar gasar nasu ne, filin mutum 4,600 ya rage wa kowa rabo. Shi ya sa shugaban ƙungiyar 'yan wasa, Marty Walsh, ya fito fili a farkon 2024 ya soki masu Coyotes. Ya yi daidai, sai dai ya makara.

Abin da ya biyo bayan ƙaurar ya ƙara min tabbaci. Manaja Bill Armstrong ne dai, koci André Tourigny ne dai, Keller da Logan Cooley da Dylan Guenther ne dai. Abin da ya canza mai gida ne. Cikin wata uku da sayen, sabon mai gidan, Ryan Smith, ya ba da izini aka ɗauko Mikhail Sergachev daga Tampa da John Marino daga New Jersey, 'yan baya na gaske masu albashi na gaske. Maki 77 na kakar ƙarshe a Arizona ya koma 89 a kakar farko a Utah. Kuri'un zaɓen matasa da aka tara da wahalar mutanen Phoenix, wani gari ne ya ci moriyarsu. Meruelo kuwa ya tafi da dala biliyan 1, tare da alkawarin za a ba shi sabuwar ƙungiya idan ya gina fili cikin shekara biyar. Bayan wata biyu kacal aka soke gwanjon filin da yake hari, ya saki maganar baki ɗaya.

Yanzu ana ta raɗe-raɗin NHL za ta ƙara ƙungiyoyi, kuma Bettman bai ɓoye cewa yana son komawa Arizona ba. Ina goyon bayan a koma. Amma kafin nan a gyara abu biyu. Iyakar ƙasa ta albashi a riƙa auna ta da kuɗin da aka biya 'yan wasan da suka buga wasa, kwantiragin wanda likita ya tabbatar ya gama kada ya shiga lissafin. Sannan duk mai neman ƙungiyar ya fara kawo filin da ya gina a gabashin Phoenix da kuɗinsa, da shaidar ya biya 'yan kwangilarsa, kafin a ba shi ko ɗan wasa ɗaya.